Daga Hamilton zuwa bakin kogin Detroit, a kan sawun Harrison Kennedy

Wanda ya shiga garin Hamilton na ƙasar Kanada ta babbar gadar da ta tsallake bakin tafkin Ontario, hayaƙi ne zai fara yi masa barka da zuwa. Idan daga Toronto ka taso, tafkin yana hagunka, shuɗi, ba ka ganin ƙarshensa. A dama kuwa babu komai sai dogayen bututu, da tulin kwal baƙi ƙirin, da jiragen ruwa masu dakon tama, da wani harshen wuta da ke ci a ƙolin bututu da rana tsaka. Masana'antun ƙarfe ne guda biyu, Stelco da aka kafa a 1910 da Dofasco da ta biyo baya a 1912, su ne suka ciyar da garin nan fiye da shekara ɗari. Ɗan ƙanwata da ya ɗauko ni daga filin jirgi ya ga na yi shiru, sai ya ce, "Kawu, kada ka yanke wa garin hukunci tun daga nan, ƙeyarsa ce ka gani."

Bikin yaye shi daga jami'ar McMaster ne ya kai ni, a madadin mahaifiyarsa da ba ta iya doguwar tafiya. Watan Yuni ne, lokacin da rana ba ta son faɗuwa a ƙasar: sai wajen ƙarfe tara ake magariba, isha'i ta kusa sha ɗaya, kafin ka runtsa asuba ta yi. An yi biki lafiya, an ɗauki hotuna an tura gida. Sauran kwanakin da suka rage mini kuwa, wani mawaƙi ne ya cinye su.

Garin hawa biyu ne. Akwai na ƙasa, tsakanin ruwa da gindin tsauni, inda tsofaffin unguwannin ma'aikata suke, gidajen jan bulo kusa da kusa, kowanne da 'yar barandarsa. Akwai kuma na sama, a kan dogon tsaunin nan da ya miƙe har Niagara, wanda 'yan garin ke ce wa Dutse kawai, ko da yake tsayinsa bai fi mita 100 ba. An kafa matakalar ƙarfe a wurare da dama, wata ta kusa taki 500, mutane na hawa suna sauka wai motsa jiki. Ni dai daga ƙasa na yi musu fatan alheri.

Yaron yana haya ne a unguwar ƙasa. Maƙwabcinsa wani dattijo ne Bature, tsohon ma'aikacin ƙarfe da ya yi ritaya, ƙarar injina ta kashe masa kunne ɗaya, don haka ba ya jin kiɗa sai ya ƙure murya. Kullum da la'asar yakan fito baranda da 'yar rediyonsa mai cin faifan CD. Rannan ina zaune ina shan iska sai wani sauti ya tsallako shinge. Tsirkiya ce ake kaɗawa, amma sautin gajere ne, busasshe, ba ya jan wutsiya irin na jita. Sautin da ke fita ne idan tsirkiya tana kan fata. A ƙarƙashinsa wani abu na tafiya ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba ganga ba, ba tafi ba. Sai murya ta shigo, muryar babban mutum amma ba ta gaji ba. Ta faro daga ƙasa da gurnani, ta haura ta sirance har ka rantse mace ce, ta sake gangarowa ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Na leƙa na gaishe shi, na tambaye shi wane ne wannan. Ya rage muryar, ya juyo mini da kunnen da ke aiki, na maimaita. Ya ce, "Namu ne, ɗan garin nan ne. Harrison Kennedy." Da na tambayi abin ƙwas-ƙwas ɗin sai ya yi dariya ya shiga ciki, ya fito da cokula biyu na shan miya. Ya haɗa bayansu, ya saƙale ƙotocinsu tsakanin yatsunsa yadda ɗan gurbi zai rage a tsakani, ya shiga buga su tsakanin cinyarsa da tafin ɗaya hannun, wani lokaci ya ja su bisa yatsunsa a buɗe su yi wata 'yar karkarwa. Bai gwanance ba, shi ma ya faɗa, amma na gane. Abin da matanmu ke yi da ƙwarya a gidan biki ke nan, kayan girki ya koma kayan kiɗa.

Mai gajeren sautin kuma banjo ne. Yau ana yi masa kallon kayan kiɗan fararen fata na ƙauyukan Amurka, amma bayi 'yan Afirka ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka, da duma da fata da sanda, kuma masana sun danganta shi da dangin molo na Afirka ta Yamma, irin akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, da ngoni na Mali. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai gurmi a filin kokawa ba ya bukatar masani ya gaya masa haka, kunnensa zai riga shi.

Salon da yake yi shi ne buluz, wanda ya tsiro a kudancin Amurka, musamman yankin kogin Mississippi, a ƙarshen ƙarni na 19, cikin 'ya'yan bayin da aka 'yanta. Gininsa ba shi da wuyar ganewa. Mawaƙi zai faɗi ɗango ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku da zai warware maganar ko ya ƙara dagula ta, yawanci cikin awo 12 na kiɗa. Bayan kowane ɗango akwai gurbi, a nan kayan kiɗa ke amsawa. A waƙar da na ji, Kennedy shi ne mawaƙin shi ne kuma ɗan amshin kansa: ya rera, ya kai hamonika baki ta amsa masa. Abin da ake rerawa a kai kuwa ba baƙo ba ne ga kowa: bashi, aikin da ba ya ƙarewa, mai gidan haya, matar da ta tattara kayanta. To me ya kawo wannan kiɗa na gonakin auduga garin ƙarfe da dusar ƙanƙara?

Amsar tana kan titin John, tafiyar ƙafa daga tsakiyar gari. An haifi Kennedy a Hamilton a 1942, kuma a cocin Stewart Memorial ya fara waƙa yana yaro, cikin mawaƙan coci. Ƙaramin gini ne na jan bulo mai tagogi masu tsini, in ba a nuna maka ba wucewa za ka yi. Ranar da muka je a rufe yake, muka tsaya a waje. Jama'ar cocin ta kafu tun wajen 1835, kuma baƙaƙen fata ne suka kafa ta, da yawansu bayi da suka tsero daga Amurka. Tun 1793 wannan yanki ya yi dokar hana shigo da sababbin bayi, a 1834 kuma Birtaniya ta soke bauta a ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Da Amurka ta yi dokar 1850 da ta tilasta wa kowa, har a jihohin arewa, ya taimaka a kamo bawan da ya gudu, sai gudun ya koma na tsallake iyaka gaba ɗaya. Ana ƙiyasta mutum 30,000 zuwa 40,000 ne suka iso Kanada ta ɓoyayyiyar hanyar nan ta gidajen masu tausayi da rumbuna da kekunan doki, ana tafiya da dare ana ɓuya da rana. Sun taho da waƙoƙinsu na ibada da salon rerawarsu, kuma ba su yanke zumunci da 'yan'uwansu na kudu ba.

Sai dai kada a ɗauka sun tsallako cikin aljanna. 'Yanci daban, daraja daban. Har tsakiyar ƙarni na 20, aikin da baƙar fata ya fi samu a Kanada shi ne hidima a taragon kwana na jirgin ƙasa: shimfiɗa gado, goge takalma, ɗaukar kaya, ga ƙarancin barci, kuma fasinjoji ba sa ko tambayar sunanka, kowa George ne a bakinsu. Ray Lewis, ɗan Hamilton da ya ciyo wa Kanada lambar tagulla a gudun ba-ni-in-ba-ka a Olamfik ta 1932, aikin da ya yi ke nan, ya kuma koma masa bayan ya dawo da lambar. Jackie Washington, mawaƙin garin da aka haifa a 1919, shi ma ya taɓa yi, kafin ya samu shiga gidan rediyo a 1948. Mahaifin Lincoln Alexander ma haka, shi kuwa ɗan ya gama McMaster a 1949, ya zama baƙar fata na farko a majalisar dokokin tarayya a 1968, har ya riƙe muƙamin wakilin Sarauniya a lardin Ontario daga 1985 zuwa 1991. Yanzu babbar hanyar da ta ratsa saman Dutsen sunansa take ɗauke da shi. A wancan zamani otal-otal da yawa ba sa saukar da baƙi, don haka mawaƙan Amurka idan sun zo wasa gidajen baƙaƙen garin suke nufa. Yaro a irin wannan gida ba ya bukatar tikiti. A falo yake jin manya. Cikin waɗanda ake ambata sun ziyarci dangin Kennedy akwai Billie Holiday da Lonnie Johnson.

A ƙarshen shekarun 1960 Kennedy ya ajiye karatu ya nufi Detroit. Na ce wa yaron ina son bin hanyar. Ya ce, "Kawu, ai ba ka da bizar Amurka." Na ce masa ido ba ya bukatar biza.

Muka kama jirgin ƙasa a tashar Aldershot da ke gefen gari, tafiyar sa'a uku da wani abu zuwa Windsor. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, masara da waken soya iya ganinka, can gaba kuma manyan fankokin nan masu samar da lantarki suna juyawa a hankali. Mun wuce wani gari da ake kira London, har da koginsa mai suna Thames. Waɗanda suka zo daga Ingila ba su wahalar da kansu wajen neman sababbin sunaye ba. Tashar da ta tsaya mini a rai ita ce Chatham. Jirgin bai fi 'yan mintoci a can ba, kuma babu abin gani ta taga sai dandamali da motoci a fake. Amma a shekarun 1850 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin baƙaƙen fata ne, a nan Mary Ann Shadd ta riƙa buga jaridarta ta yaƙi da bauta, a nan John Brown, Ba'amurke mai yaƙi da bauta, ya yi taronsa na 1858 kafin ya koma Amurka da makami. A nan kuma wani mutum mai suna Mahommah Gardo Baquaqua ya zauna a 1854. An haife shi a Djougou, cikin Jamhuriyar Benin ta yau, gidan Musulmi 'yan kasuwa, kuma ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. Aka kama shi aka sayar, aka kai shi Brazil, ya tsere daga jirgin ruwa a New York a 1847, ya zauna a Haiti, ya yi karatu a Amurka, ya ƙare a wannan ƙaramin gari yana ba da labarin rayuwarsa, aka buga a Detroit a wannan shekarar. Na gaya wa yaron, ya ajiye wayarsa ya dubi dandamalin kamar zai hango mutumin. Shekara huɗu yana lardin bai san ɗan Bakatsiniya ya riga shi da shekara 170 ba.

Windsor gari ne na masana'antar motoci, kuma Larabawa sun cika shi, 'yan Lebanon da 'yan Iraƙi. A titin Wyandotte muka ci shawarma ba tare da mun tsaya tambayar yanka ba. Daga nan muka gangara bakin kogi. Abin mamaki shi ne kusancin. Kogin bai kai kilomita ɗaya ba a wurin, Detroit tana tsaye a gabanka da dogayen benayenta na gilashi, kana hango motoci suna tafiya a ɗaya gaɓar. Saboda lanƙwasar kogin, idan kana kallon Amurka daga nan arewa kake fuskanta, sai da wayar yaron ta nuna mana alƙibla na yarda. A hagu gadar Ambassador ce ta 1929, manyan motocin kaya sun jeru a kanta. A ƙarƙashin ruwan kuma akwai hanyar mota da aka buɗe a 1930. Kusa da bakin kogin akwai mutum-mutumin da aka kafa a 2001 don tunawa da bayin da suka tsallako: namiji ya ɗaga hannuwa sama, mace riƙe da jariri, sai wata yarinya a baya ta waiga tana kallon inda aka baro. Ɗan'uwan mutum-mutumin yana can ɗaya gaɓar, mutanen da ke jikinsa kuma suna kallon nan.

Kennedy ya tsallaka wannan ruwa ne ta ɗaya fuskar, domin a lokacin can kasuwar take. Berry Gordy ya kafa kamfanin faya-fayai na Motown a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, ya kuma tafiyar da kamfanin yadda ya ga ana haɗa mota a masana'antar da ya taɓa yi wa aiki: masu rubuta waƙa daban, makaɗa daban, mai koyar da rawa daban, har da mai koyar da yadda ake tsayuwa da gaisawa. Salon shi ne sol, wanda ya ɗauki zafin waƙar coci ya ɗora a kan zancen soyayya, ya ƙara masa ƙaho da ganga. Waɗanda suka fi kowa samar wa kamfanin waƙoƙin da suka ci kasuwa su ne 'yan'uwa biyu, Brian da Eddie Holland, da abokinsu Lamont Dozier. Rigimar rabon kuɗi ta raba su da Gordy, suka fita suka kafa nasu kamfanonin, Invictus da Hot Wax, ana ta shari'a, har ta kai ba sa iya sa sunansu a kan waƙoƙin da suka rubuta, sai sunan aro na wata mace, Edythe Wayne.

Su ne suka haɗa ƙungiyar Chairmen of the Board. Ba abokai ne da suka tashi tare ba, tsinto su aka yi ɗaya bayan ɗaya: General Johnson (General sunansa ne na yanka, bai taɓa riƙe bataliya ba), da Danny Woods, da Eddie Custis, sai ɗan Kanada, Harrison Kennedy. Waƙarsu ta farko, "Give Me Just a Little More Time", ta kai matsayi na 3 a Amurka a 1970, haka ma a Birtaniya, aka sayar da faifai sama da miliyan ɗaya. Johnson ne ya ja ta da muryarsa mai kama da ta mai shessheƙar kuka. Kennedy ya ja waƙar da ke ɗauke da sunan ƙungiyar, kuma ita ce ta fi sauran ɗanɗanon buluz. A 1972 kamfanin ya fitar masa da faifansa shi kaɗai. Yayyenmu 'yan boko da suka tara gashi suka sa wando mai faɗin ƙafa a farkon shekarun 1970, irin wannan kiɗa suke ɗorawa a garmaho, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa ɗaya daga cikin muryoyin Detroit ɗan Kanada ne.

Ita kanta Kanadar ba ta lissafa shi nata ba, kuma a Windsor abin ya fi fitowa fili. A nan gidan rediyon CKLW yake, mai ƙarfin wat 50,000, wanda a wancan lokaci ake ji a jihohin Amurka da dama. Mai zaɓar masa waƙoƙi, Rosalie Trombley, idan ta sa faifanka to ka kama hanyar arziki. Wato daga ƙasar Kanada ake watsa kiɗan Detroit. A 1971 gwamnati ta kawo dokar cewa kashi 30 cikin 100 na waƙoƙin da gidajen rediyo ke sawa dole su zama na gida, don kada na Amurka su shanye nasu. Niyya mai kyau. Amma daga 1972, kafin a kira waƙa ta gida sai ta cika biyu daga sharuɗɗa huɗu: ɗan ƙasa ya tsara kiɗan, ko ya rubuta baitin, ko ya rera, ko a ɗauke ta a cikin ƙasar. Waƙar da Amurkawa suka rubuta aka ɗauka a Detroit, ko da ɗan Hamilton ne ya ja ta, sharaɗi ɗaya ta cika. Dokar da aka yi don ɗaga mawaƙan ƙasa ba ta ga wanda rashin kasuwa a gida ya tura waje ba.

Daɗin bai daɗe ba. Motown ta tattara ta koma Los Angeles a 1972, Dozier ya bar abokansa a shekarar da ta biyo, Invictus ta yi ta rarrafe har ta rufe a 1977. Kafin nan Kennedy ya bar ƙungiyar ya koma Hamilton, ya kama aiki a wata masana'antar sinadarai, har ya zama mai kula da ma'aikata. Mutumin da ya hau manyan dandamali a Amurka da Ingila ya koma mai tashi da sassafe ya sa hular kwano. Shekaru masu yawa sunansa bai sake fitowa a jerin faya-fayan da ake ji ba.

A jirgin dawowa ne muka yi musu da yaron. Shi a ganinsa asara ce tsagwaronta: mai irin wannan murya ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba takardar shiga da fita ta ma'aikata. Ya ce da a yau ne, da waya ɗaya da intanet sun ishe shi, ba ya bukatar wani kamfani. Na ce masa wayar ba ta biyan kuɗin haya sai ga ɗaya cikin dubu, kuma shi ma da ya gama injiniya ai masana'anta yake nema. Ya ce, "Kawu, ni ai ba ni da muryar." Muka yi dariya, amma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Ba na cikin masu cewa wahala alheri ce don kawai ta haifi waƙa mai daɗi. Da ƙasarsa tana da kasuwar da za ta riƙe baƙin mawaƙi a 1975, da ya samu zaɓi, kuma rashin zaɓin abin zargi ne. Abin da na tsaya a kai shi ne, idan ka saurari faya-fayan biyun a jere, na Detroit da na bayan ritaya, mutum biyu kake ji. Na farko saurayi ne mai murya da aka ɗinka wa kwat, aka miƙa masa waƙar da akasari wasu suka rubuta, aka nuna masa inda zai tsaya. Na biyu shi ya rubuta, shi ya kaɗa, kuma idan ya rera zancen gajiyar mai aikin dare ko albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ba labari aka ba shi ba. Na fi son na biyun, kuma ba don tausayi ba.

Kennedy ya dawo fagen waƙa ne a farkon shekarun 2000, ya haura 60. Wani ƙaramin kamfani na Toronto mai suna Electro-Fi, wanda ya ƙware wajen nemo tsofaffin mawaƙan buluz da manyan kamfanoni suka manta, shi ya riƙa fitar masa da faya-fayai ɗaya bayan ɗaya. Ya zubar da ƙaho da tarin makaɗa, ya riƙe jita da banjo da mandolin da hamonika da cokulansa. A 2011 ya je Memphis gasar buluz ta duniya, inda ƙungiyoyi daga ƙasashe da dama ke tura gwanayensu, ya zo na biyu a rukunin masu wasa su kaɗai ko su biyu. An sha sa sunansa a takarar Juno, babbar lambar yabon mawaƙa ta Kanada, ana ba wani. Sai a 2016, yana da shekara 74, ya karɓi ta faifan buluz na shekara da "This Is From Here", sunan da ke cewa wannan abin daga nan yake. Ita lambar Juno an raɗa mata suna ne don girmama Pierre Juneau, shugaban hukumar da ta kawo dokar kashi 30 ɗin nan. Bayan shekara biyu ya yi wani faifai da Faransawa biyu, Jean-Jacques Milteau mai hamonika da Vincent Ségal mai babban goge na Turawa, wanda masu sauraren kiɗan Mali suka sani saboda aikinsa da Ballaké Sissoko mai kora.

Dattijon maƙwabci ya ƙi sayar mini da faifansa, ya ce ko ɗansa ba ya ara wa. Sai ya kwatanta mana wani shagon tsofaffin faya-fayai a cikin gari, irin wanda za ka shiga ƙamshin tsohuwar takarda ya tare ka. Mai shagon, wata mata mai furfura da tabarau a goshi, ba ta ko duba kwamfuta ba. Ta kai mu wani akwati a bangon hagu, inda aka rubuta sol na Amurka, ta zaro wani tsohon baƙin faifai na ƙungiyar, bangonsa ya sha hannu har kusurwoyin sun yi laushi. Sannan ta ratsa da mu ɗaya gefen shagon, wani ɗan kanta da aka ware wa mawaƙan gari, ta ciro CD biyu. Mutum ɗaya, kanta biyu, tsakaninsu faɗin shago. Yaron ya tambaye ta me ya sa ba ta haɗa su wuri ɗaya ba, ta ce masu sayen wancan ba su ne masu sayen wannan ba, kuma da yawa ba su san shi ne ba sai ta faɗa musu.

Na juya tsohon faifan ina sha'awa, na tambayi kuɗinsa, na lissafa da naira, na mayar da shi a hankali. Ko da kuɗin bai hana ba, garmahon gidanmu ya mutu tun zamanin soja, kuma zafin bazara lanƙwasa irinsa yake yi. Na ɗauki CD ɗin biyu. Yaron ya ce, "Kawu, duk suna cikin waya fa, kyauta." Na ce masa ya biya matar, zan ba shi idan mun isa gida.